A Tsugune ko a Tsaye? Jawabi ga Iyayen Yara Maza

  

Maganar da muka kawo yau za ta ba waɗansu dariya. Ku yi dariyarku, ba laifi, amma ku saurara. Sa'ad da muke zagayen koyar da tsabta a ƙauyuka, wata uwa ta tsayar da mu ta ce gardama ta tashi a gidansu a kan ɗanta mai shekara 2 da rabi. Maigida ya yi zaman birni, ya ce namiji a tsaye yake fitsari. Kakar yaron ta ce ita jikanta ba jaki ba ne, tsugunawa zai yi kamar yadda kakansa ya yi. Wani maƙwabci kuma ya sa baki ya ce ai tsugunawa ta Musulmi ce, Kirista ba ruwansa. Uwar ta rasa na wa za ta bi, yaron kuwa yana ta jiƙa wando.

Bari mu fara kawar da zancen maƙwabcin nan. Ba inda Littafi Mai Tsarki ya kafa doka a kan tsayuwa ko tsugunawa. 'Yan'uwanmu Musulmi suna tsugunawa don kada fitsari ya fantsama a tufafinsu, kuma wannan dalili ne mai kyau ga kowa. Kakanninmu ma haka suka yi. Abin da Littafi ya yi magana a kai shi ne wuri. A Maimaitawar Shari'a sura 23, an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya haƙa rami, in ya gama ya rufe da ƙasa, domin Ubangiji yana tafiya a tsakiyar zangonsu. Ku karanta a gida.

Shawararmu ita ce a fara koya wa yaro a tsugune, ko a zaune a kan fo. Yaro mai shekara 2 ko 3 bai iya rarrabe matsuwar fitsari da ta kashi ba tukuna, sau da yawa tare suke zuwa. In yana tsugune, duk wanda ya zo ya sami wuri. In kuwa aka saba masa da tsayuwa tun farko, zai iya fitsari amma ya riƙa riƙe kashi, cikinsa ya ɗaure, kashi ya yi tauri ya ji zafi, gobe ya ƙara jin tsoro ya ƙara riƙewa. Mun ga yara da yawa a wannan hali. Ban da haka, bakin masai ƙarami ne, ƙaramin yaro kuma bai iya saiti ba. In ya tsaya, dandamalin ne zai jiƙe, ya yi zarni, ƙudaje su taru, ƙanwarsa ta shigo ba takalmi ta taka.

Iyaye mata, kun riga kun san hanyar. Tun yaro yana goye kukan miƙe ƙafafu ku zaunar da shi a tsakani ya yi abinsa. Daga nan sai fo. In babu kuɗin fo, tsohuwar roba da aka keɓe don wannan kaɗai ta isa. Ku zaunar da shi da safe in ya tashi, da bayan ya ci abinci, da kafin ya kwanta. In ya yi, ku yabe shi. In bai yi ba, ku ƙyale shi. Amma kada a watsa abin da ke cikin fo a bayan danga ko a kan juji. A zuba a masai, a wanke fo, a wanke hannu da sabulu, in babu sabulu a yi da toka. Mutane sukan ce kashin yaro ba ya cutarwa. Yana cutarwa ƙwarai, domin yara ne suka fi yawan zawo da tsutsar ciki. Waɗanda suka ga kwalarar 2010 da ta 2021 a jihar nan sun san yadda ciwo yake tashi daga gida ɗaya ya ci unguwa.

Iyaye maza, kada ku ji tsoro wai tsugunawa za ta rage wa ɗanku mazantaka ko ta ɓata masa mafitsara. A 2014 waɗansu likitoci a Leiden ta ƙasar Holan sun tattara binciken da aka yi a kan wannan, suka ga cewa ga namiji mai lafiya babu bambanci tsakanin tsayuwa da zama. Dattawa masu wahalar fitsari ma a zaune mafitsararsu ta fi juyewa. In yaro ya girma ya ga sa'o'insa suna tsayuwa a daji, zai koya cikin yini ɗaya ba tare da malami ba. Aikinku shi ne ku kai shi masai da kanku, ku riƙe masa hannu, domin yara da yawa ramin suke tsoro. Ku duba bakin masan gidanku. In ya yi faɗin da ƙafar yaro za ta zurma, ku gyara shi, ku yi masa murfi.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, kuma shi ya sa muka ce maza su zo.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa yana bin magudanai zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Mun ci shinkafa, mun yi noman rani, mun gode Allah. Amma a ruwan nan mai tafiya a hankali akwai ƙananan katantanwa, kuma a jikinsu ƙwayar tsargiya take girma. Ga yadda abin yake. Yaro mai tsargiya yana fitar da ƙwan tsutsar a cikin fitsarinsa. In ya yi fitsari a masai ko a busasshiyar ƙasa, ƙwan ya mutu, magana ta ƙare. In ya yi a magudana ko a kududdufi, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga katantanwa, bayan 'yan makonni ya fito da yawan gaske yana iyo a ruwa. Duk wanda ya shiga, mai wanka ko mai wanki ko mai dashen shinkafa, sai ƙwayar ta huda fatarsa ta shige. Ba sai ya sha ruwan ba. Kuma ƙwan ya fi fita a fitsari daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, daidai lokacin da rana take korar yaranmu zuwa iyo.

Ku tuna yadda yara maza suke yi. Sukan jeru a bakin magudana, a tsaye, suna gasar wanda nasa zai fi nisa. Waɗansu kuma a cikin ruwan suke saki ba wanda ya sani. Yaron da aka saba masa tun yana ƙarami cewa fitsari yana da wurinsa, ya fi sauƙin jin magana in aka ce masa: ka yi fitsarinka can nesa kafin ka shiga ruwa. Wanda aka bari ya tsaya duk inda ya ga dama, a jikin bangon majami'a, a bakin rijiya, shi ma ruwan ba zai ga bambancinsa ba.

Har yanzu muna jin waɗansu suna cewa jini a ƙarshen fitsari alama ce yaro ya fara zama namiji. Ba haka ba ne, 'yan'uwa. Rauni ne a mafitsara. Yana rage wa yaro jini, ya sa shi kasala a makaranta, in ya daɗe shekaru ya taɓa ƙoda, har yakan kai ga ciwon daji na mafitsara. 'Yan mata ma suna kamuwa. Maganinsa ƙwaya ce mai suna praziquantel, akan auna tsawon yaro a ba shi daidai da shi. In masu rabon magani sun zo makaranta, kada ku hana, ku dai tabbata yaro ya ci abinci kafin ya sha. Ku sani kuma maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana sabuwa shiga in yaro ya koma ruwan.

Wata kaka ta tambaye mu batun fitsarin kwance. Yaron da bai kai shekara 5 ba in ya jiƙa tabarma da dare, ba laifinsa ba ne, jikinsa ne bai gama ƙwari ba. Duka da tara masa yara su yi masa waƙa ba sa warkarwa, sai dai su koya masa ɓoyewa. Yaron da ya koyi ɓoye fitsarin kwance, ran da ya ga jini ma ba zai faɗa ba. Amma in yaro yana kuka sa'ad da yake fitsari, ko yana yunƙuri fitsarin yana fita siriri, ko da zazzaɓi, a kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

A 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bayan gida a fili. Su ma ƙauyuka ne irin namu, da ƙasa irin tamu. Muna roƙon dattawa su duba masan majami'a kafin Lahadi mai zuwa, a ajiye buta da toka a ƙofa, a yi wa ƙananan yara nasu ƙaramin baki. Kowane uba kuma a makon nan ya ja ɗansa gefe, shi da shi, ya tambaye shi ko ya taɓa ganin jini a fitsarinsa. Wanda ya ce i, a faɗa wa shugabar zumuntar mata ko mai bishara a asirce, su riƙe mana lissafi, za mu karɓa in mun dawo.