Kafin a Sayar da Gona Don Sayen Gida a Dutse

Jawabin da ma'aikatanmu na raya karkara suka gabatar wa wakilan ikilisiyoyin ƙauyuka. Mun buga shi a nan domin a karanta a kuma tattauna a kansa bayan sujada.

 

Yawanci in mun taru haka, maganar iri da taki da ajiyar hatsi muke yi. Yau kuwa maganar gidan birni ce. Wani zai ce, ina ruwan manomi da gidan birni? Da ruwansa ƙwarai. Sa'ad da ɗanku ko 'yarku ta sami aiki a Dutse, aka yi shekara uku ko huɗu ana biyan haya, wurin wa ake zuwa neman cikon kuɗin fili? Wurinku ne. Sai a sayar da shanun huɗa, ko hatsin rumbu, wani lokaci ma har gonar gado. Kuɗin ƙauye ne ke gina gidaje da yawa a birni. Saboda haka ya kamata ku da kuke ba da kuɗin ku san tambayoyin da za ku yi kafin ku saki igiyar sa.

Bari mu fara da garin kansa. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta. Dattawan da ke nan sun tuna yadda garin yake kafin lokacin: Garu inda fadar sarki take a tsakanin duwatsu, da Limawa, da 'yan unguwanni, sai gonaki da itatuwan dabino. Da ma'aikata suka taso daga Kano ba su tarar da isassun gidaje ba, wasu ma suka bar iyalinsu a can suna zuwa suna komawa. Daga nan ne unguwanni irin su Takur suka cika, aka kuma gina rukunin gidaje kamar Gida Dubu, da na Fatara, da gidaje 744 na Danmasara. A 2011 aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2014 kuma filin jirgin sama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo mutane, ya kuma ɗaga kuɗin fili a gefensa.

Akwai wani abu a tarihin nan da muke so ku riƙe. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, an rarraba ma'aikatun jiha zuwa garuruwa irin su Haɗejiya, Gumel, Kazaure da Ringim. Da Sule Lamido ya hau a 2007 sai ya komo da su Dutse. Wato wurin aikin mutum yana iya tashi ya bar shi, gida kuwa ba ya tashi. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ana iya yi musu canjin wurin aiki a kowane lokaci. Don haka tambaya ta farko ga ɗanku ita ce: in aka kai ka wani gari, gidan nan zai sami mai haya? Zai sayu ba tare da faɗuwa ba?

Yanzu ga zaɓin da yawancin 'ya'yanmu ke fuskanta. Ga Takur, wato Takur Site da Takur Aduwa da kewayensu, a cikin gari, kusa da ofisoshi da makarantu, amma da tsada. Kuɗin da ke hannu ba zai sayi komai a can ba sai ƙaramin fili ko tsohon gida mai bukatar gyara. Ga kuma bayan gari, ta hanyar Shuwarin ko ta wasu ƙauyukan da birni ke ci, inda kuɗin nan ɗaya zai sayi babban fili har da wurin ɗaure awaki. Zuciyar ɗan ƙauye wajen babban fili take karkata, mu ma mun san haka, gama ba mu saba da matsi ba. Amma bari mu yi lissafi tare.

A ce daga sabuwar unguwa zuwa wurin aiki mutum yana biyan naira 500 a keke ko acaɓa da safe, 500 da yamma. Wannan misali ne kawai, kowa ya sa kuɗin hanyarsa. A ranakun aiki 22 ya kashe naira 22,000, a shekara naira 264,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kun ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a hanya, ga shi ba mu sa kuɗin kai yara makaranta ba, ba mu sa zuwan uwargida kasuwa ko awon ciki ba, ba mu sa ranar Lahadi da iyali duka za su tafi majami'a ba. Kafin a janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta wuce 500, a 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Iyalan da suka gina a nesa lokacin da mai ke da araha su ne suka fi jin jiki. Rangwamen da aka samu ranar ciniki, hanya tana iya cinye shi cikin 'yan shekaru, bayan haka kuma ta ci gaba da ci.

Ba cewa muke yi kowa ya dage sai Takur ba. Mai babur ɗin kansa, wanda yaransa suka girma, yana kuma so ya yi ɗan lambu da kiwo, bayan gari zai iya fi masa. Amma iyali mai ƙananan yara, wanda miji da mata duka suna fita aiki, a ganinmu ɗaki biyu da za a iya takawa da ƙafa zuwa makaranta ya fi ɗaki biyar da sai an hau abin hawa sau biyu.

Sai maganar ruwa, wanda ake sha da wanda ke saukowa daga sama. Sunan garin ya riga ya gaya mana abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A wasu wurare ba a yin nisa da haƙa sai a ci karo da dutse, rijiya ta gagara, ramin masai ma sai an sha wahala, kuɗin burtsatse kuma ya ninka. Maƙwabcin da ya riga ya haƙa shi ne zai faɗa muku gaskiya, ba dillali ba. A tambaye shi ƙafa nawa ya yi kafin ya sami ruwa, ko rijiyarsa tana kai watan Afrilu da Mayu, nawa kuma 'yan garuwa ke sayar da jarka da bazara. Matan unguwa sun fi kowa sanin wannan, don haka uwargida ta shiga gidaje ta gaisa ta yi tambaya da kanta.

Ruwan sama kuwa, dutse ba ya shansa, gangarowa yake yi da ƙarfi ya bi tsohuwar hanyarsa, ko da an yanka fuloti a kanta. Mu da muka yi aikin rabon kayan agaji mun ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi a jihar nan, musamman a yankin Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa da Ringim. Dutse ba a bakin kogi take ba, amma filin da ke cikin kwari ko'ina yake kwari ne. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. A je a duba shi a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. A dubi gindin katangun maƙwabta, in ruwa yana kwanciya zai bar zane. A dubi hanyar shiga, ko mai keke zai yarda ya shiga da dare in haihuwa ta taso. Duk mai sayarwar da ya ce ba zai iya jira damina ba, wai akwai wani mai kuɗi a hannu, a bar masa filinsa.

Yanzu mun zo inda aka fi yin kuka, wato takarda. A ƙauye in dagaci da dattawa suka shaida ciniki, magana ta ƙare. A birni ba haka ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. Abin da mutum ke samu a birni izinin zama ne, yawanci na shekara 99 ga gidan zama, takardarsa kuma ita ce ake kira C of O. In mai wannan takarda zai sayar, doka ta ce sai da amincewar gwamna. In kuma gwamnati ta bukaci wurin domin hanya ko makaranta, tana da ikon karɓa, diyyar da za ta biya ta gini ce da amfanin da ke kai.

Filaye da yawa na bayan gari awon igiya ne. Mai gona ne da dillali suka ja igiya suka yanka, ba tare da tsarin hukuma ba. Sukan yi araha, gaskiya ne. Amma a irinsu ne ake sayar wa mutum biyu fili ɗaya, a irinsu ne wani magaji ke fitowa bayan an kai gini linta ya ce ba da saninsa aka sayar ba, a irinsu ne kuma ake wayar gari a ga jan fenti a bango domin titi zai bi ta falo. Kafin a biya ko sisi, a ɗauki lambar fili da kwafin takarda a kai ma'aikatar ƙasa ta jiha a bincika sunan wanda ke cikin rajista, a kuma tambayi hukumar raya babban birnin ko wurin yana cikin tsarin gidajen zama. In gidan gwamnati ne wani ma'aikaci ke sayarwa, kamar yadda akan samu a rukunin gidajen ma'aikata, a tabbata ya gama biya an mallaka masa. In na gado ne, magada duka su sa hannu, har da mata. Kuɗin lauya da za a ga kamar ɓarna ne bai kai kuɗin buhun siminti kaɗan ba. A biya ta banki domin a sami shaida. Ku tuna annabi Irmiya, a sura 32, ko da daga hannun ɗan'uwansa ya sayi gona, sai da ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa aka adana ta cikin tulu domin ta daɗe.

A rubuta kuma wanda ya ba da me. In baba ya sayar da sa, an rubuta kyauta ce ko rance? In matar ta zuba kuɗin adashinta na shekara uku, sunanta yana cikin takarda? Mun sha zama da gwauraye mata da 'yan'uwan miji suka fitar daga gidan da suka ɗauki bulonsa a ka, domin babu inda aka rubuta. Fastoci, wannan aikinku ne ku faɗa tun ana raye ana dariya.

Game da maƙwabta, za mu yi magana a fili. A kowace unguwa ta Dutse yawancin maƙwabtan 'ya'yanku Musulmi ne, kamar yadda yake a kasuwa da ofis, ana kuma zaman lafiya da cuɗanya. Ba mu manta da rikicin watan Satumba na 2006 ba, lokacin da aka ƙone majami'u da shaguna a garin, mun kuma san shi ya sa wasu ke cewa sai inda namu suka taru. Muna fahimtar wannan. Amma kada tsoro kaɗai ya zaɓa wa mutum unguwa har ya sayi kwari ko filin rigima. A nemi masu bi da suka daɗe a unguwar a ji daga bakinsu. A kai wa mai unguwa gaisuwa kafin ciniki, a faɗa masa ko su wane ne, daga ina aka fito. Yadda ya karɓe ku zai nuna muku abu da yawa. Filin da aka saya don zama kuma a bar shi na zama, kada a mai da shi wurin sujada ba da izini ba.

Wani abin dariya amma gaskiya: gidan ɗan ƙauye a Dutse masaukin ƙauye ne gaba ɗaya. Mai jinya a asibitin Rasheed Shekoni, da ɗalibin da ya zo jarrabawa, da wanda ya ci kasuwar Shuwarin ranar Litinin dare ya yi masa, duk can za su kwana. Ku da za ku riƙa zuwa, ku sa baki a zaɓi inda baƙo zai iya samu daga tasha.

To, gonar fa? Shawararmu ita ce kada a sayar. Albashi yana makara, aiki yana ƙarewa, amma buhun gero da dawa da ake aikowa daga gida shi ke riƙe iyalai da yawa a birni. Akwai wasu hanyoyi. Ma'aikaci ya duba takardar albashinsa ko ana cire masa kashi 2.5 cikin 100 na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Mai zubawa yana da damar neman rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya da ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har cikin shekara 30, sai dai ba a bayarwa a kan filin da ba shi da ingantacciyar takarda. Akwai ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata. Ana kuma iya ba da jinginar amfanin gona na shekara ɗaya ko biyu maimakon rabuwa da ita, ko a sayi fili a kewaye, a yi ɗaki biyu da masai a shiga, sauran a bi a hankali bayan kowace kaka.

In da hali, ɗanku ya kama haya a unguwar da yake so na shekara guda, ya ga bazararta da daminarta, ya san ranakun da ake samun wuta, kafin ya saya. Waɗanda suka zo da takardun fili a jaka, kada ku tafi. Bayan cin abinci za mu zauna da ku ɗaya-ɗaya a bayan majami'a mu duba su tare.