Mu Farfaɗo da Burtali, Mu Yi Masa Inuwa

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin safiyo mai ritaya, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An nemi in ce wani abu game da aikin da na ci abinci da shi, wato awon ƙasa da shata hanyoyi. Ni kuwa na zaɓi hanyar da ba ta da kwalta, wadda kowa a cikinmu ya taɓa takawa, wato burtali.

'Yan ajinmu za su tuna burtalin da ya bi ta bayan filin ƙwallo, da shingen aguwa dama da hagu. Nan garken shanu ke wucewa, nan kuma muke bi zuwa kasuwa ranar fita. Bara na koma na bi shi da ƙafa. Gonaki sun cinye shi, har akwai inda jaki da kaya ba zai wuce ba.

Abin da aikin safiyo ya koya mini shi ne, burtali ba ya zama shi kaɗai. Shi ke haɗa makiyaya da mashaya da kasuwar dabbobi, daga wannan gunduma zuwa waccan. Idan aka toshe shi a wuri ɗaya, to, tamkar an toshe shi gaba ɗaya ne. Saniya ba ta tashi sama. In ta rasa hanya, gona za ta shiga, daga nan kuma sai rigima, wani lokaci har da asarar rai.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, bayan dokar karkara ta 1993, sun yi wata a 2010 wadda ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa, kuma a wurare da dama sun kafa turakun siminti a iyakokin burtali. Abin da ya rage mana shi ne aiki a ƙasa.

A ganina, aikin mataki huɗu ne. Na farko, a zauna da dagatai da arɗo-arɗo da manoma, su nuna tsohuwar iyaka, a sa ta a taswira. Na biyu, a kafa turaku, don iyakar da ido ke gani ba ta da saurin gardama. Na uku, a dasa itatuwa a gefe biyu. Darbejiya za ta ba da inuwa ta kuma tare iska. Gawo kuwa yana kakkaɓe ganyensa da damina, saboda haka ba ya cutar da shukar manomi, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Na huɗu, ƙananan hukumomi maƙwabta su yi taswira ɗaya, don kada hanya ta mutu a bakin iyaka.

Kada a ɗauka makiyayi kaɗai zai amfana. Ɗalibi mai keke da uwa mai kai kaya kasuwa duk za su sami hanya mai inuwa, nesa da motoci.

Ga roƙona. A cikinmu akwai lauyoyi, da malaman gona, da masu sarauta. Mu kafa kwamiti yau, mu fara da burtalin bayan makarantarmu, ɗalibai su dasa itatuwa da damina mai zuwa, kowane aji ya yi renon nasa. Ni na ɗauki nauyin awo, kyauta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.