Ikon Ɗan Sanda da Iyakarsa



An nemi in yi magana a kan abin da ya wajaba kurtun ɗan sanda ya sani na doka da na zaman jama'a kafin a danƙa masa kaki. Na karɓi wannan aiki ne saboda na ga babu wani ma'aikacin gwamnati da talaka ya fi haɗuwa da shi kamar ɗan sanda. Mutum yakan shekara hamsin bai taɓa ganin alƙalin babbar kotu ba, bai taɓa shiga ofishin babban sakatare ba, amma da wuya mako ya wuce bai gamu da ɗan sanda ba, ko a kan titi, ko a kasuwa, ko a tashar mota. Don haka a idon yawancin mutanen ƙasar nan, yadda ɗan sanda ya bi da su, to haka gwamnati take. Abin da nake so in tabbatar yau shi ne, kowane iko da doka ta ba ɗan sanda ta haɗa shi da iyaka, kuma wanda ya san ikon bai san iyakar ba, rabin aikinsa kaɗai ya koya.

Bari mu soma da tarihi a taƙaice. Kafin zuwan Turawa, sarakunan ƙasar Hausa suna da dogarai, su ke kamo mai laifi, su ke tsare kasuwa da ƙofar gari, su ke zartar da hukuncin alƙali. Aikin ɗan sanda irin na zamani kuwa daga Ikko ya faro, inda Ingilishi suka kafa wata ƙaramar runduna ta mutum 30 a 1861 don tsaron jami'insu. Daga baya aka faɗaɗa ta, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka masu jin Hausa ne, har rundunar da aka tsara a 1879 ta ɗauki sunan Hausawa. A 1930 aka haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna guda. A nan Arewa kuwa 'yan dokan En'e sun ci gaba da aiki a ƙarƙashin sarakuna, sai a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon aka narkar da su cikin rundunar tarayya. Abin lura a nan shi ne, an kafa wannan aiki da fari don a tsare mai mulki daga waɗanda ake mulka. Tsoron da talaka ke yi wa kaki gado ne na wancan zamani, kuma kurtun yau ya gaji wannan tsoro ko da bai yi wa kowa komai ba.

To, daga ina ikon ɗan sanda yake fitowa? Tushe na farko shi ne Tsarin Mulki na 1999, wanda ya kafa rundunar a sashe na 214, ya kuma jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa a babi na huɗu. Na biyu shi ne Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da asalinta ya koma 1943. Na uku shi ne Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya, jihohi kuma suka yi irin tasu, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Sa'an nan akwai dokokin da suka bayyana mene ne laifi, irin su Final Kot, wanda ya fara aiki a Jihar Arewa a 1960. Duk abin da ɗan sanda ya yi wa mutum wanda ba shi da madogara a cikin doka, to da ƙarfin tuwonsa ya yi, kuma shi zai amsa da kansa.

Iko mafi girma shi ne kamu. Ɗan sanda yana iya kama mutum da takardar waranti daga kotu, yana kuma iya kamawa ba waranti idan an aikata laifi a gabansa, ko kuwa yana da zato mai dalili cewa mutumin ya aikata laifi. Wannan magana ta zato mai dalili ita ce ginshiƙin aikin baki ɗaya, don haka ya kamata mu ɗan tsaya a kanta. Zato mai dalili shi ne wanda idan aka shimfiɗa shi gaban wani mai hankali, wanda ba ruwansa da rigimar, zai ce lalle akwai abin dubawa. Misali, an fasa kanti da dare, an ga mutum da asuba ɗauke da buhun kaya irin na kantin, ya hangi 'yan sintiri ya yar ya sheƙa. Wannan dalili ne. Amma a ce saurayi ya tara gashi, ko yana riƙe da waya mai tsada, ko shi ɗan ƙabila kaza ne, wannan son zuciya ne, kuma Dokar 2020 ta faɗa ƙarara a sashe na 54 cewa launin mutum, da shekarunsa, da askinsa, da shigarsa, da mummunan zaton da ake yi wa wani jinsin mutane, ba sa zama hujjar zato. Ba don banza aka rubuta wannan ba. Irin wannan tare matasa da binciken wayoyinsu yana cikin abubuwan da suka haddasa zanga-zangar watan Oktoba na 2020, wadda ta kai ga rushe sashen SARS ranar 11 ga watan.

Akwai kamu iri biyu da doka ta haramta, waɗanda kuma mu duka mun san sun zama ruwan dare. Na farko shi ne kama wani a madadin wani. An zo neman ɗa ba a same shi ba, sai a tafi da tsohonsa ko matarsa, a ce sai ya kawo kansa. Sashe na 7 na Dokar 2015 ya hana wannan, domin laifi ba ya ratayuwa a wuyan dangi. Na biyu shi ne kamu a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Ɗan kasuwa ya ba abokin hulɗarsa yadi bashi, lokaci ya yi bai biya ba, sai ya garzaya caji ofis a kulle masa shi. Sashe na 8 ya ce ba a kama mutum a kan irin wannan. Maganar bashi ta kotu ce, kuma ranar da caji ofis ya zama wurin karɓar bashi, to ɗan sanda ya koma yaron mai kuɗi, ya bar zama ma'aikacin jama'a.

Idan an yi kamu bisa ƙa'ida, sai nauyi ya hau kan wanda ya kama. Wajibi ne ya gaya wa mutumin dalilin kama shi, ya sanar da shi cewa yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ƙara da cewa a ba shi dalilin a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ankwa ba ado ba ce: ba a sa wa mutum sai in ana tsoron zai gudu ko zai yi faɗa, ko don kare lafiyarsa, ko bisa umarnin kotu. Sa'an nan ga maganar lokaci. Idan akwai kotun da ke da ikon jin ƙarar a cikin kilomita 40, dole a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya, in babu kuwa, kwana biyu, ko wani tsawon lokaci da kotu za ta ga ya dace. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Belin 'yan sanda kuma kyauta ne, mace ma tana iya tsaya wa mutum, ba a ƙin ta don ita mace ce. Don a tabbatar ana bin waɗannan ƙa'idodi, doka ta ɗora wa majistare ziyartar caji ofis na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ga waɗanda ke tsare.

Mu juya ga bincike. A nan ne za mu ga yadda doka kanta ta yi la'akari da al'adar mutane. Mace ba mai laluben jikinta sai mace, kuma cikin mutunci. Haka nan idan wanda ake nema ya faɗa gidan da matar kulle take, doka ta ce kafin a shiga a sanar da ita, a ba ta damar kaucewa. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaure shi ne iyakar baƙo namiji, ya kuma san abin da ake nufi da a keta wa magidanci haddin gidansa a gaban maƙwabta. Kurtun da aka turo daga wata jiha, wanda bai san wannan ba, yana iya tayar da unguwa guda a kan kamun da da sallama da neman mai unguwa sun isa su kammala shi lami lafiya.

Sai maganar ƙarfi da makami. Sashe na 33 na Tsarin Mulki ya tsare ran kowane mutum, ya kuma ba da uzuri a wurare ƙididdigaggu: kare kai ko wani ko dukiya daga farmaki, aiwatar da halastaccen kamu ko hana tsararre tserewa, da kwantar da tarzoma ko tawaye. Amma ko a nan sharaɗin shi ne ƙarfin ya zama gwargwadon bukata. Direban da ya ƙi tsayawa a shinge ya yi laifi, amma laifinsa bai kai na kisa ba, lambar motarsa ta isa a same shi gobe. Harsashi kuwa in ya fita ba ya dawowa.

Game da azabtarwa, babu uzuri ko kaɗan. Sashe na 34 ya hana ta, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya aikata, ta kuma ce umarnin na gaba ba hujja ba ne. Ina roƙon kurata su riƙe wannan da kyau, gama ranar shari'a, wanda ya ba da umarni da baki yakan ce bai san zancen ba. Ban da haka, azabtarwa ɓata aiki take yi. Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, kuma wanda ake duka zai amsa satar da bai yi ba don ya huta. Ta haka sai a ɗaure marar laifi, ɓarawon gaskiya yana gari yana ci gaba da ɓarna.

Jama'a, duk wannan ɓangaren doka ne. Akwai kuma wasu abubuwa na zaman tare da littafin doka ba ya koyarwa sosai, zan ambaci uku.

Na farko shi ne yardar jama'a. Lokacin da Sir Robert Peel ya kafa 'yan sandan London a 1829, mutanen Ingila sun yi ɗari-ɗari da su, suna tsoron sojoji ne aka sake wa riga. Saboda haka aka ba su kulki maimakon bindiga, aka kuma gina aikin bisa fahimtar cewa sai jama'a sun yarda zai yiwu. Dalilin a fili yake. Yawancin laifuffuka ba a gaban ɗan sanda ake yin su ba, sai wani ya kawo rahoto, wani ya nuna gida, wani ya yarda ya tsaya shaida a kotu. Garin da mutane ke tsoron kai rahoto don kada mai kai ƙara ya koma wanda ake tuhuma, to 'yan sandansa makafi ne ko da sun kai dubu. Wannan ne ya sa Dokar 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin 'yan sanda da al'umma.

Na biyu shi ne sanin ya kamata. Doka ta ce ɗan sanda yana iya kamawa, ba ta ce duk inda ya ga kuskure sai ya kama ba. Rikicin maƙwabta a kan magudanar ruwa, ko yaron da ya tsinki mangwaro, sau da yawa gargaɗi ko sulhu a gaban dattawa ya fi kulle amfani. Amma sanin ya kamata yana da haɗarinsa, domin ta wannan ƙofa ce son kai da cin hanci ke shigowa. Ma'aunin shi ne ɗan sanda ya tambayi kansa: da ɗan mai kuɗi ne a gabana maimakon ɗan talaka, ko kuwa akasin haka, da abin da zan yi ke nan? Kuma akwai laifuffukan da sulhu a kansu zalunci ne, irin su fyaɗe da cin zarafin yara, inda akan matsa wa iyaye su rufa asiri, mai laifi ya koma ya sake.

Na uku shi ne bambanta laifi da abin da ke haifar da shi. Rashin aikin yi, da shan ƙwaya, da yaran da ke kwana a tasha ba mai kula da su, duk suna ciyar da laifi gaba, amma talauci kansa ba laifi ba ne, taɓin hankali ma haka. Ɗan sanda ba zai iya warkar da waɗannan ba, amma ya kamata ya san lokacin da mutum asibiti yake bukata ko ofishin jin daɗin jama'a maimakon ɗakin tsaro. Ya kuma tuna cewa sashe na 36 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Aikin ɗan sanda ya tattara shaida ya kai gaban alƙali, yanke hukunci ba nasa ba ne.

Kafin in rufe, adalci ne in ce wani abu ga sauranmu da ba mu sa kaki. Muna neman ɗan sanda ya zama mai gaskiya, alhali mu ne ke miƙa masa na goro don a ɗaga mana ƙafa, mu ne kuma ke buga wa babba waya a saki ɗanmu. Ma'aikacin gwamnati da ya riƙe kuɗin man motar sintiri ko na gyaran bariki yana da kaso a cikin abin da ke faruwa a shingen hanya. Kuma kada mu manta da waɗanda suka rasa rayukansu a bakin aiki, suka bar marayu da zawarawa suna bin ofis-ofis neman haƙƙinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuwa kurata, kakin da za a ba ku amana ce, kuma akwai ranar tuɓe shi. Wanda ya yi shekara 35 yana aiki zai koma unguwa ya zauna cikin mutanen da ya yi hulɗa da su, su ne za su amsa sallamarsa, su ne kuma za su ɗauki gawarsa. Ku karanta dokokin nan da kanku, kada ku dogara da abin da kuka tarar ana yi. Allah ya ba ku ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.