Daga shirin Lafiya: Makasa ba sa tuna cuta sai da mataimaka

Yau za mu ɗauki tambayar da kuke yawan aiko mana: wai mene ne CD4 ɗin nan da likita ke aunawa?

Cikin fararen ƙwayoyin jininmu akwai wasu da ake kira T, kuma kashi biyu ne manya. Akwai makasa, wato CD8, masu halaka duk ƙwayar jikin da cuta ta ɓuya a ciki. Akwai kuma mataimaka, wato CD4, waɗanda galibi ba sa kisa da kansu.

To, ina amfaninsu? Akwai wasu ƙwayoyi masu sintiri da ke ɗauko guntun ƙwayar cuta su nuna wa makasa. A 1998 masu bincike suka gano cewa mataimaki ne ke fara zaburar da mai sintirin, ta wani maɓalli a jikinsa mai suna CD40, sannan ya ba makasa cikakken horo.

Idan an warke, kusan tara cikin goma na makasan nan mutuwa suke. Ragowar su ne masu tuna cutar, suna nan shekara da shekaru suna jira. A 2003 aka yi gwaji a kan ɓeraye marasa mataimaka. Karon farko makasansu sun yi yaƙi sosai. Da cutar ta dawo fa? Sai suka kasa yawaita. Daga baya aka ga cewa irin waɗannan makasan, idan sun sake haɗuwa da cutar, da yawansu mutuwa suke yi.

Jama'a, a nan ƙanjamau, ko SIDA, ke yin ɓarnarsa, domin mataimakan yake kashewa. Mai lafiya yakan samu 500 zuwa 1,500 a gwajin. Idan suka faɗi ƙasa da 200, cututtuka irin su tarin fuka sun samu ƙofa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shan magani da zarar an gano cutar, kada a jira lambar ta sauka.

Don haka wanda bai yi gwaji ba, ya daure ya je. Wanda ke kan magani kuma, don Allah kada ya tsallake rana. Allah ya ƙara mana lafiya.