Masaukin New Inn na Birnin Gulosta

A birnin Gulosta na ƙasar Ingila, a kan titin Northgate, akwai wani daɗaɗɗen masauki mai suna New Inn, wanda wani rahibi, John Twyning, ya gina wajen shekarar 1450 domin saukar baƙi, musamman, bisa ga riwaya, masu ziyarar kabarin Sarki Edward na Biyu, wanda ya rasu a 1327.

Abin da ya cancanci nazari shi ne hikimar maginan, domin sai da suka kafa gangar jikin ginin da manyan katakai, suna sassaƙa bakin wannan ya shige ramin wancan, suna kafewa da turakun itace maimakon ƙusa, sa'an nan suka cike tsakani da yaɓe. Benen sama kuwa ya ɗan zarce na ƙasa, yana kāre shi daga ruwa. A ciki akwai farfajiya wadda baranda ta kewaye, ƙofofin ɗakuna suna fuskantarta, ta yadda baƙo zai leƙo ya ga halin da dokinsa yake ciki, tsarin da, a ganina, ya fi na otal-otal na zamani sanin haƙƙin matafiyi. Hukuma ta sanya masaukin a rukunin farko na gine-ginen tarihin da doka ta kāre.