Kafin ka sayar da jitar bes ɗinka a banza, duba batir

Daga nan Ɗankaza nake magana, a ƙaramar hukumar Wudil, kuma yau shirin na masu kaɗa jitar bes ne.

Na san mu ba mu da yawa. Yawancin waƙoƙin da ake yi a situdiyoyin Kano, da fiyano ake haɗa komai, har da sautin bes ɗin. To amma tun da matasa suka fara kallon su Mdou Moctar da Bombino na Nijar a YouTube, an samu masu tara kuɗi su sayi jita ta hannu. Matsalar ita ce, rana ɗaya sai sauti ya fara karkarwa kamar lasifika ta fashe, ko ya ɗauke ɗif. Mai gyaran jita kuma babu shi a kusa, sai ka shiga mota zuwa Sabon Gari. Shi ya sa wani yake fushi ya sayar da kayansa a wulaƙance, alhali abin da ya lalace bai kai kuɗin motar ba.

Da farko ka san wace iri ce a hannunka. Bes iri biyu ce. Akwai fasif, irin Precision da Leo Fender ya fitar a 1951: maganaɗisu ne kawai da waya, ba ruwanta da batir. Akwai kuma aktif, wadda StingRay ta kamfanin Music Man ta yi fice da ita tun 1976. Ita wannan a cikinta akwai ɗan allon lantarki da ke ƙara wa sauti ƙarfi, yana ba ka damar ƙara kauri ko kaifi tun daga jikin jitar. Allon nan da batir mai volt 9 yake aiki, ɗan mai kusurwa huɗun nan, wasu ma biyu suke ci, volt 18. Juya bayan jitarka. In ka ga ɗan murfi na daban, ko ka kwance babban murfin ka ga batir a kwance, to aktif ce.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Bes aktif ba ta da maɓallin kunnawa da kashewa. Ramin da kake soka kebul, shi ne makunnin. Da zarar kan kebul ya shiga, ya haɗa batir da allon, wuta ta fara tafiya, ko amfilifaya a kashe take, ko babu wutar NEPA a garin gaba ɗaya. Lissafa da kanka: kana kaɗawa awa 2 a rana, amma ka bar kebul a soke dare da rana, awa 24 ke nan. Ka ninka cin batir sau 12. Don haka in ka gama, zare kebul daga jikin jitar. Daga jikin jitar fa na ce, ba daga amfilifaya ba.

To ya ake gane batir ya yi sanyi? Murya tana raguwa, sannan in ka daki babbar tsirkiya da ƙarfi sai ka ji tana ɓarɓarwa, in ka taɓa a hankali kuma lafiya lau. Daga baya sai shiru. In jitarka tana da maɓallin da ake ja sama ta koma fasif, ja shi. Sauti ya dawo garau? To batir ne ko allon, kuma batir ake fara zargi.

Kada ka dogara da lasar batir da harshe. Ko wanda ya kusa mutuwa zai ɗan tsikare ka. Je wurin mai gyaran waya ko rediyo ya auna maka da mita. Sabon batir alkalin yana nuna wajen 9.5. In ya gangaro kusa da 7, canza shi kawai. Kuma ka nemi wanda aka rubuta alkalin a jiki, ka duba ranar ƙarewarsa. Masu arhar nan ba sa jimawa, ga zafin garinmu, in suka daɗe a ciki sai su yi yoyo su cinye ƙarfen da ke riƙe su. Araha ba ta ado, malam. In za ka ajiye jitar wata da watanni, cire batir ɗin.

Ka sa sabo, har yanzu shiru? Kada ka yi saurin kwance komai, bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, kebul. Rage muryar amfilifaya, zare kebul daga jita, ka taɓa kansa da yatsa. In ka ji "buuu", kebul da amfilifaya suna aiki. Sannan duba kan kebul ɗin: zobe baƙi ɗaya ya kamata ka gani. Mai zobe biyu na sitiriyo ne, sau da yawa ba ya kunna bes aktif ko kaɗan.

Na biyu, hular batir. Wayoyi biyu ne sirara, ja da baƙa, kuma wajen fizgar batir suke tsinkewa. Aikin dalma ne na minti biyar.

Na uku, ramin kebul. In notinsa ya saki, kada ka yi ta juya shi daga waje, kana murɗe wayoyin ciki ne har su tsinke. Buɗe murfi, riƙe shi ta ciki, sannan ka ɗaure.

Na huɗu, ƙurar hunturu. In kana murɗa abin ƙara murya kana jin "ƙarr ƙarr", ƙura ce ta shiga. Akwai feshin wanke kayan lantarki, ɗan kaɗan ya isa, sai ka murɗa gaba da baya. Ban da man inji, ban da kananzir.

Sai wanda ya fi duka muhimmanci, don wannan maganar rai ce. In ka taɓa tsirkiya ka ji wuta ta ja ka, ko leɓenka ya taɓa makirfo ka ji tsikara, ajiye jitar nan take ka kashe komai. Batir mai volt 9 ba ya jan mutum a hannu. Wutar daga amfilifaya ko janareto take biyowa ta kebul, galibi saboda babu wayar ƙasa, ko an karye ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. A wajen biki ana yawan yin haka, ga mutum ya yi gumi, wani ma ba takalmi. Nemi mai aikin wuta ya duba kafin ka sake ɗauka.

In ka bi duk waɗannan ba a dace ba, to nan ne za a ce allon ya samu matsala, sai a kai wa wanda ya san aikin. Kafin kowa ya sa dalma, ɗauki hoton wayoyin da wayarka, don a san inda kowace take. Shi ma allon ana canza shi, ko a zagaye shi jitar ta koma fasif in maganaɗisunta ba masu cin batir ba ne. Katakon da wuyan su ne masu tsada, kuma suna nan lafiya.

Saboda haka duk mai zuwa wasa, ya jefa sabon batir ɗaya da sukundireba a aljihun jakar jita. A shiri na gaba za mu taɓa maganar lanƙwasar wuyan jita tsakanin damina da rani.