Dara, Ludo da Whot: Jawabi ga Iyaye a Taron Ƙungiya na Manchester

 

An ce in yi magana kan lafiyar yara, sai na zaɓi wasa. Kun san hunturun Ingila: a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, yaro ya dawo makaranta ba tsakar gida, ba dandali, sai waya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana gaban allon waya ko talabijin. Amma in ka ƙwace wayar ba ka ba shi wani abu ba, rigima kawai ka saya.

Abin da nake so ku ba shi shi ne zama da ku. A ludo ɗan shekara huɗu yana ƙirga gidaje da yatsa, kuma in kun ƙirga da Hausa, ɗaya zuwa shida sun zauna masa ba tare da an kira shi darasi ba. Katin Whot kuwa yana koya masa bambanta tauraro da da'ira da haɗa lamba da lamba.

Wanda ya fi damuna a matsayin likita shi ne jira da shan kaye. Yaron da ya saba latsa waya abu ya fito nan take, jiran 'yan'uwa uku su yi nasu kafin layi ya zo kansa babban horo ne. Za a ci shi, zai yi kuka, wataƙila ya watsar da allon. Ku bar shi ya huce, a sake kasawa. Don Allah kada ku riƙa bari yana cin ku kullum saboda tausayi. A makaranta ba wanda zai yi masa wannan.

Na san wasunmu da an ce kati sai su tuna caca, wasu kuma malamansu sun hana wasan da ake kaɗa ƙwaya. Ba zan yi fatawa ba, ba fagena ba ne. Muna da dara, wadda ba ta da ko ɗaya: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗan abokin wasa. Kiret ɗin ƙwai mai cin 30 daidai yake da ita. Kakanni da ke zuwa mana ziyara sun fi mu iyawa, ku haɗa su da jikoki.

Sai gargaɗi ɗaya. Ƙwallon dabino, wake ko ɗan ludo na iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba. In akwai mai rarrafe a gida, a yi wasan a kan tebur, a kuma ƙirga 'ya'yan kafin a ajiye.